Ranar da Anka Kira Ni Ɓarauniya a Lambun Ikko

Duk inda mata sunka taru, suna ko biki, sai wata ta taɓo ni: "Inna Kulu, wai da gaske an taɓa kama ki da sata a Ikko?" In fara ba da labari, a katse ni da rabon goro, kowace ta ɗauki guntunta ta tafi ta ƙara masa gishiri. Har na ji wata tana cewa wai na kwana gidan yari. To yau zan faɗe shi tun daga tushe a rubuta, kowa ta huta. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Abin ya faru shekara fuɗu bayan an karɓe mana fam da sule an ba mu naira, shekara guda bayan an yanke mana jiharmu ta Sakkwato, damina ta biyu da rasuwar maigidana. Lokacin kuɗin fetur sun shigo ƙasa, samarinmu sun ɗiba sun yi kudu. Cikinsu har da mijin ɗiyata Dije, wanda ya samu aikin akawu a tashar jiragen ruwa ya tafi da ita Ikko.

Cikin fari gida ake zuwa a haife shi, kowa ya sani. Na share ɗaki, na tara icce, sai ga wasiƙa wai likita ya hana Dije doguwar hanya. Ni da na karɓi haihuwar rabin Kebbe! Mata nawa na yi wa wankan jego, kwana arba'in safe da marece, ruwan zafi da damin ganye ɗanye ana tsomawa ana fyaɗa wa jiki har sanyin haihuwa ya fita? A ce tawa ɗiyar ta haihu ba mai dafa mata ruwa? Nac ce in ita ba ta iya tahowa, ni ƙafata lafiya lau take.

Na ɗaure gero, da kanwa, da daddawa, da kuka, da yaji, da man shanu cikin ƙwarya. Ganye kaɗai ban ɗauka ba. Wa ke ɗaukar ganye ya kai wani gari?

Ƙanena Ummaru ne ya raka ni, shi da ke fataucin albasa zuwa kudu. Daga Kebbe zuwa Tambuwal motar kasuwa munka shiga, ta kafe cikin laka sau biyu, maza sunka sauka suna turi mu mata muna salati. A Tambuwal munka kwana wurin 'yar'uwarmu, da safe munka hau babbar motar albasa. Direban, wani Banufe mai ladabi, ya sa ni gaba, Ummaru ya hau saman kaya rungume da ƙwaryar man shanuna. Jega, Koko, Yawuri, rana ta buɗe. Ko da munka tsaya salla a Kwantagora, sai ga Ummaru ya sauko rigarsa sharkaf tana ƙyalli tun daga ƙirji har gwiwa.

Yac ce, "Yaya, ga ni da mai, ga albasa. Wuta kaɗai ta rage a soya ni."

Nac ce, "Ko an soya ka ba mai ci. Ina sauran man?"

Rabi ya tsira.

A bakin gadar Jebba sojoji sunka tare mu, aka sauke kowa. Ganin bindigogi da wanga ruwa na Kwara da ba a hango ƙarshensa, na ɗauka ƙasarmu ta ƙare nan. Na raɗa wa Ummaru ko za a biɗi takarda irin ta masu zuwa Makka. Yac ce, "Haba Yaya, har yanzu Nijeriya ce, da sauran tafiya mai nisa." Wani soja ya kwance ƙunshin kanwata, ya jujjuya ta, ya shinshina, ya lasa. Yadda fuskarsa ta yamutse, ni kaina sai da na tausaya masa. Ya ɗaure mini da hannunsa ya ce mu tafi. Gadar kuwa ido rufe na haye ta.

Daga ƙetare komai ya canza: harshe, tufafi, har launin ƙasa. Kurmi ya rufe hanya hagu da dama, kore shar. Nac ce a raina, ganye kam an gama da shi.

A Badun munka sauka unguwar Hausawa, gidan wani fatoma Bakano. Matarsa Bayaraba ce, ta kawo mini wani tuwo baƙi wuluk da miya ja. Na ɗauka ƙonewa ya yi, na yi shiru don kada in kunyata ta, ashe haka ake yinsa, da garin doya, sunansa amala. Yunwa ta sa na ci, kuma wallahi da daɗi, sai dai barkonon ya sa ni hawaye. A ƙofar gidan ne na ga wani ƙaton magidanci cikin kwat ya zube rub da ciki gaban wata tsohuwa. Na yi ihu a kawo ruwa, farfaɗiya ta kama bawan Allah. Ashe gaisuwa ce yake wa uwarsa. Mu durƙuso ne iyakarmu, su har goshi ƙasa. Na ce lallai waɗanga mutane sun san girman uwa.

Ko da munka isa Ikko, Dije ta kwana biyu da haihuwa a asibiti, ɗiya mace. Ummaru ya aje ni ya wuce kasuwarsa, a kan zai dawo ya ɗauke ni in an yi arba'in.

Gidan bene ne hawa ukku, su suna can ƙoli, ɗaki biyu kacal, makewayi manne da wurin girki. A garinmu suruki in ya hango ka sai ya canza hanya. Nan kuwa in na juya shi ne, in ya juya ni ce. Bawan Allah ya koma yin magana da bango: ya tsaya ya fuskanci ƙofa ya ce, "A gaya wa Inna an gaishe ta," ni ina zaune taku biyu da shi. Ni ma in amsa wa ƙofar. Malam nika ce masa, har yau ban taɓa kama sunansa ba.

Ta bakin ƙofar nan munka yi ciniki a kan wanka. Yac ce likita ya hana ruwa mai salɓe fata, ya hana kwanciya kan gadon wuta, kunun kanwa ma kaɗan. Raina ya ɓaci, amma na ga gidansa ne, nac ce na ji, zan gwada ruwan da gwiwar hannuna. Maƙwabciyarsu Iya Bisi ta ara mana rabin duro, anka ɗora kan risho. Ruwa ya samu. Nac ce to, a nuna mini inda zan karyo ganye.

Dije ta dube ni, ta dubi taga. Na leƙa: kwano, kwano, kwano, wayoyin lantarki, motoci kamar tururuwa. Kurmin nan duk a hanya munka baro shi. Malam ya je kasuwa ya dawo da wani ɗan ƙulli busasshe, yana marmashewa a hannu. Da wanga zan fyaɗi maijego? Kwana biyar da haihuwa ba a fara wanka ba. Ƙafafun Dije sunka kumbura, tana kuka tana cewa, "Inna, sanyi ya shige ni, na san ya shige ni."

Ranar da munka iso, ta tagar mota na hango wani ɗan kore tsakanin manyan gine-gine, ba nisa da gidan. Na riƙe wurin a kaina. Ran kwana na shida da hantsi, Malam ya tafi aiki, na soke wuƙar girki a zane na sauka. Titi ya gagare ni ƙetarewa, sai da na kama gefen zanen wata mata mai tallan lemo, ta ja ni kamar akuya ba ta ko waiwayo ba.

Wurin ƙarami ne, bai kai gonar gyaɗar tsohuwa ba, kewaye da shingen ƙarfe, ƙofa a buɗe. Banki a gefe guda, kasuwa a ɗayan. Da na ga shinge da itatuwa da shiru, na ɗauka maƙabarta ce, har na yi wa mamata sallama. Sai na ga mamatan suna motsi. Wani akawu ya tuɓe takalmi ya miƙe kan bencin siminti. Wata ma'aikaciyar asibiti cikin fararen kaya tana cin abinci. Tsofaffi biyu suna buga dara. Ga mace da namiji zaune kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya dube su. Ciyawa an aske ta kamar kan ɗan suna, furanni jere, na duba ko ɗaya ba na miya. Amma sanyi! Taku biyar daga ƙofa, ƙarar motoci ta koma kamar daga wani gari. Icce bakwai na ƙirga, biyu dogon yaro ne, manya, ganye ya yi luf. Na ce Alhamdulillahi.

Ku da kuka san garinmu kun sani: 'ya'yan icce ake tambayar mai shi, ganye na wanda ya buƙata ne. Ban ɓoye ba, ban waiga ba. Na hau wani benci da ba kowa, na kama reshen da ya sauko kansa, na sa wuƙa. Wuƙar 'yan boko ba kaifi. Da na gaji sai na rataya da ƙarfina. Reshen ya ɓalle ya taho da ɓawon iccen, ya yage shi tsawon kamu biyu.

Sai usur. Wani tsoho siriri cikin kaki ya taho a guje da tsintsiya, yana kururuwa, wani daga waje ya ɗauka, "Ole! Ole!" Kafin in sauko mutane sun kewaye ni, ni kuma ga reshe a hannu ɗaya ga wuƙa tsirara a ɗayan. Ba na jin abin da suke faɗi, amma na ga idanunsu. Nac ce da ƙarfi, "Mi na yi muku? Ganye ne fa! Ku tanka mini da harshen mutane!"

Sai na ji daga baya an ce, "Subhanallahi, wanga baki na gida ne. Ku ja baya!" Wani dattijo ne da hular gadi da kulki, ya ratso su. "Inna, aje wuƙar ƙasa tukuna. Daga ina?"

"Kebbe."

"Ni Garba Soja, na Sanyinna, ni ka gadin bankin ga. Kin san abin da suke kiranki? Ɓarauniya. A garin ga kuwa ba a kiran wanga suna a watse lafiya."

Ni Kulu, ɗiyar gidan malamai, da furfurata! Garba ya yi ta magana da su da Yarbanci da Turancin soja har taron ya watse, wasu na dariya. Tsohon mai kakin, sunansa Baba Lamidi, shi ke kula da lambun, ya fizge reshen daga hannuna ya nuna mini ƙofa, ko kallona bai ƙara yi ba.

Garba ya ƙetarar da ni titi. Yac ce, "Ki dawo gobe ki ba shi haƙuri. Mutumin kirki ne, zafi gare shi."

Nac ce, "Ni? In ba mai shara haƙuri don ganye? Bayan ya tara mini jama'a? Allah ya kiyashe ni."

"To Inna, duk unguwar ga babu wani icce. Ke kin san abin da ya kawo ki."

Na hau bene hannu wofi, ban gaya wa kowa ba. Da la'asar na kama ƙafar Dije na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ga fuskata, tac ce, "Inna, ki bar wahalar da kanki, abin da Allah ya rubuta shi za a yi." Yarinya ce take lallashina, ni da na taho tun daga Kebbe don ita. Kunyar wannan ta fi ta lambu.

Washegari na dama kunu, na ɗauki goro fari guda goma, na biya na ɗauki Garba. Munka tarar da Baba Lamidi tsaye kan bencin nan da gwangwani a hannu, yana shafa wa iccen wani baƙin magani a inda na yage, a hankali, yana bin gefen ciwon da ɗan tsinke. Haka nika yi wa cibiyar jariri. Na tsaya ina kallo.

Da ya sauko Garba ya riƙa juya mana magana. Baba Lamidi yac ce shi ya dasa iccen nan da hannunsa tun Turawa na nan, ya yi ta ɗauko masa ruwa a bokiti. In babbansu ya zo ya ga ɓarna, shi za a tuhuma. Sannan ya nuna mini bencin. Rana ta kwanta a kansa fetal. Yac ce wani tsoho makaho ne ke zama nan kullum, ɗiyarsa takan aje shi ta shiga kasuwa, jiya ya zo ya lalubi wurinsa ya ji zafi.

Ban durƙusa wa namiji ba tun rasuwar maigidana, amma ran nan na durƙusa. Nac ce, "Garba, gaya masa na yi laifi, ya yafe mini don Allah."

Tsohon ya ruɗe, yana "A'a Mama, a'a Mama," yana ɗaga ni. Ya tambayi abin da zan yi da ganye. Da Garba ya gaya masa, sai ya riƙe baki. Yac ce su ma suna yi wa maijego ruwan zafi da ganye, uwarsa ta yi wa matarsa. To don mi ban tambaya ba?

Nac ce, "A garinmu ba a roƙon ganye."

Yac ce, "A garinku kowa da iccensa. Nan dubi mutanen da ke bin titin can. Bakwai ɗin nan su ne nasu gaba ɗaya."

Ya ɗauko tsani da wani babban almakashi, ya hau can sama inda rassa ke taɓa wayar lantarki, wurin da dama aikinsa ne ya rage. Ya saro mini dami mai kyau, ɗanye shar, inuwa ko kaɗan ba ta ragu ba. Sharaɗinsa biyu: kada hannuna ya ƙara taɓa icce, kuma in na zo da safe in zauna in jira har ya gama ban ruwa.

Ran nan Dije ta sha wanka. Fyaɗar farko ta ƙwalla ƙara, sai ga Iya Bisi da wasu mata sun banko ƙofa, sun ɗauka duka ake yi. Da ta ga abin da ke gudana sai ta ɗaure zane ta karɓi ɗiban ruwa, kuma ba ta fasa ba har munka gama. Cikin mako guda kumburi ya saɓe. Malam ya gaya wa ƙofa cewa ƙwayoyin likita ne, ni na gaya mata ganye ne. Ba mu taɓa sasantawa ba.

Jiran nan da na ɗauka horo ne, shi ya zama abin da na fi so a Ikko. Ku duba, a garinmu inuwar ƙofar gida ta maza ce. Mace in ta shiga gindin icce, da turmi ta shiga ko da mazarin kaɗin auduga. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa zama hannu sake ba sai a lambun nan. Kwanakin farko na rasa inda zan sa hannuwana, har na ɗauki tsintsiyarsa zan taya shi shara, ya ƙwace, wai so nika a kore shi. Daga baya na saba. In zauna, iska na kaɗawa, tsuntsaye na saukowa bakin famfo. Ma'aikaciyar asibitin takan tambaye ni jikin maijego da hannu, in amsa mata da hannu. Masu dara sunka fara matsa mini wuri. Makahon nan kuwa, Baba Lamidi ya komar da shi wani benci, ni na riƙa kai masa kunu, ko ya san ni ce na ɗauke masa inuwa, bai taɓa nunawa ba. Na gane mutanen nan ba zaman banza suke ba. Ɗakunansu irin na Dije ne, ba tsakar gida, ba gindin icce. Nan suke zuwa su yi numfashi.

Kwana talatin da fuɗu, ko fashin rana ɗaya Baba Lamidi bai yi ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, sai da ya lallaɓo ya yanka ya bar wa Garba.

Ran arba'in na sa Dije ta yi kwalliya, ta goya jaririya, Balkisu, munka tafi, Malam na biye da mu daga nesa. Dije ta yi ɓul-ɓul, fata na sheƙi, tana taka ƙasa da ƙarfinta. Baba Lamidi ya wanke hannu a famfo, ya karɓi jaririyar, ya karanta mata Fatiha, ita kaɗai ce maganarsa da na ji ba tafinta. Sannan ya je ya tsinko wani jan fure, shi da ba ya bari a taɓa, ya miƙa wa Dije. Ta karɓa hannu biyu ta dube ni, ni na dubi Garba, nac ce, "Tambaye shi, dafawa ake ko jiƙawa?" Tsohon ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Wai kallo kawai ake yi.

Kwana biyu bayan nan Ummaru ya zo, munka hau motar goro munka kamo hanyar gida.

Yau Ummaru ya rasu. Garba Soja ya dawo Sanyinna ya yi noma shekaru, na je gaisuwar mutuwarsa. Malam mijin Dije shi ma ya riga mu, Allah ya jiƙansa, suruki ne na gari. Iya Bisi da Baba Lamidi ban sake jin labarinsu ba, shi kam ya girme ni nesa, na san ƙasa ta rufe shi tuni. Waɗanda sunka saura mu ukku ne: ni, da Dije da ke Tambuwal da jikokinta, da Balkisu, wadda ta haifi biyar. Dukanmu ukku in mun ɗaga hannu addu'a muna kiran sunan Baba Lamidi. Shi kuwa har munka rabu bai san nawa ba. Mama Sokoto yake ce mini.